Ranar da surukata ta buɗe lema a cikin ɗaki

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Wani lokaci tabarau yana goshina nake tayar da jikoki su nemo mini shi. Amma ranar da surukata ta buɗe lema a tsakiyar ɗakin matata, ɗaki cike da mata, ƙafata kuma tana reto a saman kawunansu, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina, kuma ko na so in manta, maiɗakina ba za ta bari ba.

A lokacin garin namu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja muke ce masa, ana dai ta raɗe-raɗin gwamnati za ta gina sabon birni a dajin da ke kusa da mu. Ni kuwa ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa, ina gyaran agogo. E, agogo. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa mutanen gari suka fi yi mini dariya. Ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, malaman makaranta, 'yan sanda, direbobi, duk wanda agogonsa ya tsaya wurina yake zuwa, kuma hannuna yana da kyau, ba yabon kai ba. Matsalata ɗaya ce tak: ban taɓa ce wa mutum a'a ba, ban kuma taɓa ce masa yau ba. "Ka dawo jibi." In jibi ta yi ya dawo, "Kash, saura ƙiris, ka leƙo ranar kasuwa." Akwai wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Minna, ya je ya shekara ya dawo, ya tarar da agogonsa a cikin gwangwanin da na jefa shi ranar da ya kawo. Wallahi ba ƙeta ba ce. Ni dai a zuciyata gani nake lokaci yana nan birjik, kuma kowane aiki na minti biyar ne in na zauna masa. Zaman ne ba na yi. Ga inuwar mangwaro a bayan rumfa, ga ramukan dara, ga abokai suna kira.

Gidanmu na gado ne a unguwar Magajiya. Akwai ɗan zaure inda nake kwana, sai ɗakin maiɗakina a cikin gida, zagayayyen ɗaki na jinka wanda bayansa ya manne da katanga. Yaran yanzu da suka tashi a ƙarƙashin kwano ba su san cewa jinka tana da nata ciyarwar ba. Duk bayan 'yan shekaru sai an sauke tsohuwar ciyawa, wato bunu, a yanko sabon shuci daga daji a sake baibaye ɗakin. Namu ya wuce lokacinsa da shekara biyu cur. Ina sane. Kullum ina shirin yi.

Cikin maiɗakina na biyu ke nan a wannan shekarar. Na farko, kamar yadda aka saba, gida ta tafi goyon ciki, ƙauyensu can bayan Gawu, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Naƙuda ta zo da gardama, aka kwana biyu ana fama, babu motar da za ta fito da ita. Allah ya bar mini ita, yaron bai zo da rai ba. Saboda haka da ta sake samun ciki, sai ta ce ita kam a gari za ta haihu, kusa da asibiti, ni ma abin da nake so ke nan. Saura amincewar mahaifiyarta.

Inna, haka nake kiran surukar tawa, ta zo mana da kaka, ruwa ya ɗauke ke nan. Doguwar mata ce marar yawan magana, ba ta rabuwa da wata baƙar lema babba da take tare rana da ita. Tsakanina da ita kunya ce irin ta mutanen da. Ba ta kallon fuskata, ba ta kiran sunana, ni ma in na hango ta sai in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa. In kuwa tana da magana da ni, sai ta nemi abin da ke kusa ta faɗa masa, turmi ne, akuya ce, amma ta fi yawan aiken wata jar kaza da muke da ita. Ranar ta shiga ɗakin 'yarta ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ɗauki muciya ta tsokani jinkar, sai ga bunu baƙi ƙirin yana zubowa. Ta fito tana karkaɗe mayafi, ta dubi kazar.

"Ke kaza, ki gaya wa mai gidan nan na yarda a haihu a birni kusa da likita. Ni zan zo in yi mata wankan jego. Amma jego ba ya shiri da sanyi. In na dawo na tarar da ɗakin nan haka, zan tattara 'yata mu koma gida, ko waye ya zo roƙo."

Ina durƙushe a bakin zaure na ce, "A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Wannan ai aikin kwana biyu ne."

Da muka raka ta tasha muka dawo, maiɗakina ta ce, "Malam, kwana biyun nan da ka ce, irin naka ne ko irin na mutane?" Na ce mata ita dai ba ta da aiki sai neman magana.

Akwai wani dattijo Bagwari, mutumin Chaza, aminin marigayi mahaifina, shi ne ma ya yi wa ɗakin baibayar ƙarshe. In ya shigo gari da doya, a rumfata yake sauke kaya ya sha ruwa mu raba goro. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Mai agogo. Bai taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarsa, amma ban taɓa ganin mutumin da ya san lokaci kamarsa ba. Da na ba shi labarin sharaɗin Inna, sai ya ce in bari ciyawa ta bushe tukuna. Bayan mako uku ya dawo.

"Mai agogo, shuci ya yi. Na bayan gonata na bar maka. Ka zo da lauje wannan satin."

"In sha Allahu, Baba, ranar Lahadi."

Ranar Lahadi aka yi ɗaurin aure a unguwa. Lahadi ta gaba keke ya yi faci, na ce bari in gyara tukuna, gyaran ma sai da ya sha kwana huɗu. Daga nan Sallah ta matso, to wa zai shiga daji ana shirin Sallah? Bayan Sallah kuma ai sai mutum ya huta gajiyar Sallah. Baba ya dawo karo na biyu, na ba shi goro har guda biyu don ya rage faɗa. A zuwansa na uku ko zama bai yi ba, yana tsaye da kayansa a kafaɗa kamar yadda Gwarawa suke ɗauka ya ce, "Samari sun fara wasa adda, sun fara tara karnuka. In suka sa wa daji wuta don gafiya, ba ruwana." Na ce masa jibi-jibin nan zai gan ni. Har ga Allah na yi niyya, don har laujen na aro na jingine a bayan ƙofa.

Kwana biyar bayan nan ina zaune a gindin mangwaro, wasa ya yi mini daɗi, saura kaɗan in gama da abokin karawata, sai wani ya ce, "Kai, ku dubi hayaƙi ta wajen Chaza!" Na ɗaga kai. Sama ta yi baƙi, shirwa sai shawagi suke yi a kan wutar. Amma kun san abin da na yi? Sai da na ƙarasa wasan. Washegari na hau keke da laujena na isa bayan gonar Baba, na tarar da fili fetal, toka har idon sawu, ko tsinken sakace babu. Na tsaya riƙe da lauje kamar wanda ya zo aski ya tarar da mai sanƙo. Kunya ta hana ni leƙa gidan Baba, na juyo ta wata hanya.

Mai hankali a nan zai wuce kasuwa ya sayi shuci tun yana nan. Ni kuwa sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa malalaci: in ƙaramin aiki ya gagare shi, sai ya ɗauko babba ya rufe shi da shi. Na shiga gida ina taƙama na ce wa maiɗakina, "Na fasa jinka. Kwano zan sa miki, kamar na matan ma'aikata."

Ta ajiye tsintsiya ta riƙe ƙugu. "Malam, ɗakin nan fa zagayayye ne. A ina ka taɓa ganin an yi wa zagayayyen ɗaki kwano?"

"To sai a rushe a gina mai kusurwa huɗu."

"Da wannan cikin nawa? Ni kuma in koma kan bishiya kafin ka gama?"

Na ce ita ba ta san ci gaba ba. Wata biyu na kwashe ina ba da labarin kwanon nan a gindin mangwaro, har sai da abokaina suka fara tambayata ko an fara jin ƙarar ruwa a kansa. Ko ƙusa ɗaya ban saya ba.

Ana nan zafi ya shigo, mangwaro ya fara nuna, sai ga saƙo wai Inna za ta biyo motar ranar kasuwa mai zuwa. Nan fa idona ya raina fata. Na ruga kasuwa, na tarar shuci ya ƙare sai 'yan dammuna gajeru waɗanda kowa ya tsallake. Na kwaso abin da keke ya iya ɗauka. Bai isa ko kwatan ɗakin ba, sai na hau na shimfiɗa shi siriri a kan tsohon bunun, ta gefen da ke kallon tsakar gida kawai, tunda bayan ɗakin katanga ta tare shi, ba mai zagayawa. Daga ciki kuma na sayo sababbin tabarmi na ɗaure su a sama kamar silin, yadda ko an ɗaga kai ba za a ga ɓarna ba, muciya ma ba za ta sami abin tsokana ba. Na ja da baya na duba, wallahi ɗaki ya yi kyau kamar na amarya.

Maiɗakina tana zaune a kan turmi tana kallona. Ta ce, "Malam, kana ganin in hadari ya zo ta ƙofa zai tsaya ya yi sallama?"

"Ke dai ki rufa mini asiri. Saura wata guda ruwa ya sauka. Ana gama suna zan nemo shuci ko daga ina ne in yi na gaskiya."

Ta rufa mini asirin, Allah ya saka mata. Inna ta iso da lemarta, ta tsaya a tsakar gida ta dubi jinkar, ta shiga ta dubi tabarmin, ta fito ta ce wa kaza, "To, madalla." Ni kuwa daga zaure har da murmushi, ina jin kaina wani gwanin dabara.

Haihuwar ta sake zuwa da gardama, amma wannan karon muna kusa. Aka yi ta a asibiti, Allah ya ba mu 'ya mace, 'yar mitsitsiya, in ka ɗauke ta sai ka ji kamar zane kawai ka ɗauka. Ma'aikaciyar jinya ta ja mana kunne: a kiyaye ta da sanyi, kuma duk mako a dawo da ita da uwar a duba su. Wannan ya sa zaman gari ya zama mana dole, ba zaɓi ba. Aka dawo gida, Inna ta kama aikinta, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, ga garwashi a kasko kullum yana ɗumama ɗaki.

Ranar suna aka wayi gari da wani irin zafi mai maƙo. Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, na sha addu'a da barka. Bayan azahar mata suka fara cika gida, kowace ta ci ado, masu leshi da masu atamfa, suka dunguma cikin ɗakin maijego. Ina zaure da abokaina muna cin nama, sai muka ji iska ta canza. Na leƙa waje. Ta wajen dutsen Zuma hadari ya haɗu baƙi wuluk, yana tahowa kamar an aiko shi gidana. Wani abokina ya ce, "Kai, ruwan farko ranar sunan 'yarka! Yarinya mai goshi." Ni kuwa jinkar ɗakin kawai nake kallo.

Iskar farko ce ta ɗauke ɗan shucin da na shimfiɗa. Ina gani da idona ya tashi sama ya watse a gidajen maƙwabta, ya bar tsohon bunu tsirara. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da fari shiru, har na fara sa rai. Ashe tabarmin nan nawa ne suke tara ruwan, suna yin ciki suna saukowa a hankali, ruwan kuwa ya jiƙa da baƙin hayaƙin shekara da shekaru. Ta farko da ta ɓalle, a kan wata gwaggon maiɗakina ta juye, mai farin leshi sabo fil. Ihun da ta yi har zaure. Daga nan sai salati da guje-guje, wannan tana neman takalminta, waccan tana kare tuwo da mayafi. Kwanukan jeren maiɗakina, waɗanda tun ranar aure ba a taɓa sa musu ko ruwan sha ba, aka dinga sauko da su ana tara ɗiga. Kaskon garwashi ya yi cuu ya mutu.

Na fizgi tabarmar zaure da buhu biyu na haye kan ɗakin, wai zan toshe. Ruwa yana dukana, ina rarrafe a kan bunu mai santsi, na manta cewa gorar da ke riƙe da jinkar ita ma ta daɗe da ruɓewa. Ji kawai na yi ƙasa ta buɗe. Ƙafata ta dama ta burma har cinya, ta leƙa cikin ɗakin, wando ya naɗe, tana reto a saman kawunan mata. Sai wata ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka, har da mai leshin. A cikin dariyar nan na ji muryar Inna, a natse kamar kullum.

"Ke ƙafa, ki gaya wa mai ke ya sauko, kafin ya faɗo wa jaririya."

Da na zare ƙafar, sai na leƙa ta ramin da ta bari. Abin da na gani shi ne ya kashe mini duk wata dariya. Baƙar lemar nan a buɗe a kan gado, maiɗakina ta duƙunƙune a ƙarƙashinta ta rungume yarinyar a ƙirji. Inna kuwa tana tsaye a waje da lemar, ta miƙa hannu tana riƙe da ita, baƙin ruwa yana bin bayanta har ƙasa, tsohuwa mai furfura, ko motsi ba ta yi.

Ruwa ya ɗauke wajen la'asar. Mata suka watse, kowace da labarin da za ta kai gida. Aka mayar da maijego zaure, aka rufe ƙofar waje da zana. Itace duk ya jiƙe, da ƙyar aka samo garwashi daga maƙwabta. Yarinyar sai atishawa take yi, 'yan ƙafafunta sun yi sanyi, uwar tana goga su tana hawaye. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito tsakar gida na tarar da Inna tana ƙulle kaya a zane. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba, ina jiran ta nemi kaza. Kazar tana nan kusa, ta jiƙe ta takure a gindin turmi. Amma Inna ba ta dube ta ba. Ni ta duba, ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarta.

"Malam, ka san abin da ya sa na yarda ta haihu a nan? Wancan a hannuna ya zo babu rai. Ni na naɗe shi. Na ce ba zan sake ba, na kawo ta inda likita yake. Abu ɗaya na roƙe ka, na ba ka wata biyar. Jibi mota za ta shiga ƙauye. Gara in kai su inda babu likita amma akwai ɗaki, da in zauna ina kallo sanyi ya ɗauke wannan ma."

Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Na tuna hanyar ƙauyen nan, na tuna kwana biyun da aka yi ana jiran motar da ba ta zo ba. In wani abu ya sami yarinyar nan a can, ba hadari ba ne ya jawo, ba kuma Inna ba. Ni ne, da darata. Ban ce a yi haƙuri ba, ban ce in sha Allahu gobe ba. Tashi na yi da jiƙaƙƙun kayana na hau keke na kama hanyar Chaza.

Na sami Baba a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Ya dube ni sama da ƙasa, baƙin bunu har cikin kunne, ya ce, "Mai agogo, ruwa ya yi sallama?" Na ba shi labari kaina a ƙasa. Da na zo kan ƙafa sai da ya ajiye fartanyar ya yi dariya har da tari. Sannan ya miƙe ya ce in biyo shi. A bayan rumbunansa akwai wata rumfa, a kanta dammunan shuci ne dogaye, jibge, an lulluɓe su da kyau.

"Wannan na rumbuna ne. Wancan naka ne. Ranar da na zo maka na uku, da na dawo na yanka."

"Haba Baba! Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da ka ce gobe za ka zo ɗauka, har gara ta cinye. Kuma ba don kai na yanka ba. Don ubanka ne, da yarinyar mutane."

Na yi ta godiya. Sai bakina, da yake ya saba, ya fara da kansa: "To Baba, gobe da safe sai in nemo..."

"Mai agogo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na haɗiye sauran maganar, na kwanto igiya daga keke. Sawu biyu na yi kafin dare ya yi nisa, ina tura keken a cikin taɓo don ba ya hawuwa.

Washegari rana ba ta gama fitowa ba sai ga Baba da mutanen gidansa, sauran dammunan a kafaɗa, har da sabuwar gora. Abokan darata ma suka zo, rabi don taimako rabi don tsiya. Ɗaya yana cewa, "Ina kwanon? Mu fa kwano muka zo bugawa." Wani ya ce a bar ramin ƙafar kada a toshe, ya zama taga. Na shanye duka. Muka sauke bunu, muka canza gorar da ta ruɓe, muka zauna yanta, wato jera shucin a igiya ya zama doguwar shimfiɗa da za a naɗa wa ɗaki. Ni da yatsuna suka saba da ƙananan ƙusoshin agogo, ciyawa ta yayyanka su har jini. Baba yana sama yana naɗawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa, muna miƙa masa. Kafin la'asar an ɗaure kan jinka. Aikin da na kwashe wata biyar ina gudu, ko kwana biyun da na faɗa bai cika ba.

Inna ta fito daga zaure da lemarta a naɗe. Ta shiga ɗakin ta zauna a tsakiya, ta ɗora lemar a cinya, sannan muka ji muryarta: "Ke kaza, ki ce a zuba ruwa." Na ɗauki bokiti na hau tsani na juye a ƙololuwa. Shiru. Na sake. Sai da na juye bokiti shida, duk tsakar gida an zuba ido ga ƙofar. Can ta fito, ta shafa mayafinta, busasshe. Ba ta dube ni ba, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rashin kallon mutum kamar na ranar ba. Ta ce wa kazar, "Ki gaya masa a hura wuta a shigo da su." Ta wuce ta kwance ƙullin kayanta.

Motar ƙauye ta tafi ba da su ba. Yarinyar ta yi 'yar mura, muka kai ta asibiti tun ranar da ta fara, ta warke. Yau ita ma tana da jikoki. Da aka yi arba'in Inna za ta koma, har ta kai bakin zaure sai ta jingine lemar a bango ta ce, "Ke kaza, ki ba shi wannan ya ajiye, ko zai buƙata baɗi." Na kai ta rumfa na rataye a tsakiyar agoguna. A makon nan na zazzage gwangwanin nan na gyara duk abin da ke ciki, har da na malamin Minna.

Ba zan ce muku na zama wani mutum dabam a rana ɗaya ba, dara kam ban daina ba. Amma tun daga ranar na sa wa kaina doka: ba na zama a gindin mangwaro sai na fara taɓa aikin da na fi jin nauyinsa, ko da kaɗan ne, kuma in na ce wa mutum jibi, to jibin mutane nake nufi. Abin da na koya shi ne kowane aiki yana da lokacin da yake da sauƙi, kamar shuci kafin a sa wa daji wuta, kuma in ka bar lokacin ya wuce, sau da yawa ba kai ruwan zai fara duka ba, waɗanda ke ƙarƙashin rufinka zai duka. Har yau in maiɗakina ta ji na fara cewa "bari sai gobe", ba ta yi mini musu. Juyawa take yi ta nemi kaza.